Kafin jirgi ya iso Jibiya: Yadda injiniyoyi ke raba rigimar waya da bututu a kwamfuta

Duk wanda ya taɓa gina gida a Katsina ko Kano ya san wannan ranar. An gama filasta, bango ya yi sumul, sai mai wayarin ya iso da gudumarsa ya fara sassaƙa. Bayan mako guda mai aikin famfo ya zo ya fasa nasa wurin, wani lokacin ma ya datse wayar da na farko ya binne. Mai gida ya sake sayen siminti, birkila ya dawo yana ƙunƙuni, kowa na cewa laifin ɗan'uwansa ne.

A gida mai ɗaki uku asarar ba ta wuce 'yan buhunan siminti da ɓacin rai ba. A ginin gwamnati da ke bakin iyaka, inda hukumomi da yawa za su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya, irin wannan kuskuren yana cinye watanni da miliyoyin naira, kuma yana iya barin gini da rauni a cikin ƙashinsa.

Jibiya na cikin garuruwan da wannan magana ta shafa kai tsaye. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, an tsara zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina, ya tsaya a Jibiya kafin ya tsallaka Nijar. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da aikin a watan Satumban 2020 kan kuɗi kusan dala biliyan 1.96, aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Fabrairun 2021.

Akasarin abin da ake faɗa kan aikin bai wuce tsawon layi da ranar kammalawa ba. Amma tashar ƙarshe kafin a bar ƙasa ba kamar sauran tashoshi ba ce, kuma abin da zai sa ta yi aiki ko ta gagara yana ɓoye ne a saman silin da ƙarƙashin daɓe.

Gini ɗaya, masu buƙata da yawa

Wanda ya saba bi ta Magama zuwa Ɗan Isa ya san yawan jami'an da ke wurin. Akwai kwastam, akwai shige da fice, akwai hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, da masu duba lafiyar matafiya, da masu duba dabbobi da amfanin gona, ga kuma jami'an tsaro.

Kowannensu da abin da yake so daga gini. Jami'in shige da fice yana buƙatar kwamfutar duba fasfo da ɗaukar hoton yatsa, wadda ba ta son ɗaukewar wuta ko na minti ɗaya, da ƙaramin ɗaki mai sanyi da za a ajiye na'urorin da ke riƙe bayanai. Kwastam na buƙatar rumbun ajiye kaya, da ma'aunin manyan motoci, da wurin na'urar haska kaya, wadda ke jan wuta sosai kuma dole a kange ta saboda haskenta na da illa ga jiki. Ma'aikatan lafiya na son ɗakin keɓe mara lafiya wanda iskarsa ba za ta gauraya da ta zauren fasinjoji ba. Masu duba dabbobi na son ruwa mai yawa da magudanar da ba za ta haɗu da ta banɗakin jama'a ba.

Su kuma fasinjoji akwai nasu: banɗaki, wurin alwala, fanka, fitila, lasifikar sanarwa. A kan wannan duka a ɗora kyamarorin tsaro, ƙararrawar gobara, bututun kashe wuta, da wayoyin siginar jirgi.

Wutar kanta ba daga wuri ɗaya take zuwa ba. Babu injiniyan da zai tsara irin wannan gini a arewacin Najeriya ya dogara da wutar KEDCO kaɗai. Sai an tanadi janareta, sau da yawa da sola da ɗakin batura, kowanne da hanyar wayarsa da wurin da zai haɗu da sauran. Ruwa ma haka: rijiyar burtsatse, injin turo ruwa, tankin ƙasa da na sama.

Duk waɗannan wayoyi da bututu suna neman wucewa ne ta wuri ɗaya, wato ɗan tazarar da ke tsakanin silin da kankaren sama, wadda a gine-gine da yawa ba ta kai mita ɗaya ba.

Yadda aka saba yi

A tsarin da aka fi sani, mai zanen gini ne ke fara fitar da taswira. Ya aika wa injiniyan ƙarfin gini, wanda zai sa ginshiƙai ya ƙayyade rodi. Sai a aika wa injiniyan lantarki, da na ruwa, da na sanyaya iska. Kowa ya zana nasa a takardarsa, a ofishinsa, wani a Abuja, wani a Kaduna, wani ma a wata ƙasa.

Kowace takarda, in ka dube ta ita kaɗai, babu kuskure a cikinta. Matsalar ita ce zanen takarda a shimfiɗe yake. Yana nuna inda bututu ya bi, amma bai cika nuna a wane tsayi ya bi ba. Layin mai ruwa da layin mai wuta za su iya gittawa a wuri ɗaya, babu wanda ya lura, sai ranar da ma'aikata biyu suka hau tsani suka tarar wurin na mutum ɗaya ne.

A nan ne ake yanke shawarar gaggawa, kuma galibi mai guduma ne ke yin nasara. Mafi hatsari shi ne a huda kankaren da ke ɗauke da nauyin bene don bututu ya wuce. In aka yanke rodi a wurin, an rage wa ginin ƙarfin da injiniya ya lissafa, sannan a shafe da filasta, babu mai sake gani.

Mene ne BIM?

Hanyar da manyan kamfanonin gini suka koma yanzu ita ce a fara gina ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, kafin a haƙa tushe. Sunan tsarin a taƙaice BIM. Kada a rikita shi da bim ɗin kankare da birkiloli ke zubawa a kan ginshiƙai, duk da cewa kare wancan bim ɗin daga guduma na cikin manyan amfaninsa.

Bambancinsa da hoton gini mai kyau da ake liƙawa a allon kwangila shi ne, kowane abu a cikin samfurin yana ɗauke da bayaninsa. In ka taɓa bututu, manhajar za ta faɗa maka kaurinsa, da abin da aka yi shi da shi, da ruwan da yake ɗauka, da inda ya fito da inda ya nufa. In aka matsar da bango, duk taswirar da bangon ya fito a cikinta za ta gyaru da kanta.

Manhajar da ta fi yaɗuwa ita ce Revit, wadda ta fito a shekarar 2000, kamfanin Autodesk na Amurka ya saye ta a 2002. Akwai ArchiCAD da masu zanen gini da yawa ke so, da Tekla da aka fi sani wajen aikin ƙarfe. A aikace kowane fanni yana riƙe da nasa samfurin: na mai zane daban, na ƙarfin gini daban, na lantarki, na ruwa, na iska. Mai lantarki yana ganin bangon mai zane a allonsa amma ba shi da ikon taɓa shi. Lokaci-lokaci, galibi mako-mako, kowa ya tura aikinsa wuri ɗaya, a ɗora su a kan juna.

Daga nan sai a sa wata manhajar, kamar Navisworks ko Solibri, ta bi ginin lungu-lungu tana neman inda abu biyu suka yi karo.

Karo iri-iri ne. Na fili shi ne bututu ya ratsa ta tsakiyar bim, ko hanyar iska ta shiga cikin farantin wayoyi. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne inda babu abin da ya taɓa wani, amma an toshe wa mai gyara hanya. A yankin Jibiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙurar hunturu na cika matatar na'urar sanyaya iska cikin ɗan lokaci, kuma a watannin bazara zafi na haura digiri 40. In aka jera bututu a gaban murfin matatar har hannu ba ya shiga, babu wanda zai wanke ta, kuma na'urar da aka saya da tsada ba za ta yi nisa ba. Haka akwatin rarraba wuta: dole a bar fili a gabansa, kuma ba a son bututun ruwa ya bi ta samansa.

Akwai kuma karon lokaci, inda jadawali ya sa masu rufe silin su zo kafin masu gwada bututun gobara, ko a kammala ɗakin janareta sannan a gane ƙofarsa ba za ta shigar da janaretan ba.

Wa zai kauce wa wani?

Manhaja na iya fitar da ɗaruruwan karo a gwaji ɗaya, a babban gini ma dubbai. Amma ba ta warware ko ɗaya. Nunawa kawai take yi. Wanda ya ɗauka sayen lasisi ne ƙarshen magana, bai zauna a taron daidaita aiki ba.

A taron ne ake tantance wanda zai matsa, kuma akwai ƙa'idar da ta fi ra'ayin kowa. Ruwan datti ba ya hawa tudu. Bututun banɗaki dole ya yi ta gangarowa daga farkonsa har ƙarshe. In aka ba shi gangaren da aka saba bai wa bututu mai inci huɗu, wato saukar mita ɗaya a cikin mita 40, to a tafiyar mita 20 kaɗai ya sauka rabin mita. Ba a lanƙwasa shi sama don ya tsallake wani abu. Saboda haka shi ake fara bai wa hanya.

Bayansa sai manyan hanyoyin iska, saboda girmansu, kuma kowace kwana da aka ƙara musu tana rage ƙarfin iskar. Sai bututun da ruwa ke tafiya a cikinsu da ƙarfin inji, waɗanda za su iya hawa su sauka. Waya ce ke zuwa ƙarshe domin ita ta fi sauƙin lanƙwasawa, ko da yake ita ma da nata sharaɗin: ba a son wayar bayanai ta kwanta jikin babbar wayar wuta.

In babu makawa sai bututu ya ratsa kankare, injiniyan ƙarfin gini ne zai nuna wurin da ya dace, a ƙara rodi kewaye da shi, a sa hannun riga na roba ko ƙarfe kafin a zuba siminti. Ramin da aka bari da gangan kusan kyauta ne. Wanda aka huda daga baya shi ne mai tsada.

Wannan duka yana buƙatar mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin haɗa kan fannonin, wanda kwangila ta ba shi ikon cewa wane ya matsa, kuma a matsa. In babu shi, taron zai koma gardamar da aka saba yi a wurin gini, sai dai yanzu a gaban allo ake yi.

Ƙananan abubuwa ma kan ɓata aikin. In fannoni biyu ba su fara awo daga ɗigo ɗaya ba, da aka haɗa samfuran sai a ga bututu na shawagi a wajen gini. Ga kuma rikicin ma'auni da muke da shi a nan: zane da milimita ake yinsa, amma a kasuwa bulo inci shida ne ko tara, bututu ma da inci ake tambayarsa. Samfurin da aka cika da kayan da babu su a kasuwar Kano ko Katsina zai yi kyau a kwamfuta, amma ɗan kwangila zai sayo abin da ya samu, kaurin ya bambanta, karon da aka warware ya dawo.

Darasin Balin

Kada a ɗauka matsalar ta ƙasashe masu tasowa ce. An shirya buɗe sabon filin jirgin saman birnin Balin na Jamus a watan Yunin 2012, aka soke bikin ana saura 'yan makonni saboda tsarin kariya daga gobara da fitar da hayaƙi bai samu amincewar hukuma ba. Da aka shiga bincike aka tarar da hanyoyin waya da aka cusa wa wayoyi fiye da ƙima, da wuraren da abin da aka gina bai dace da abin da ke takarda ba. Sai a ƙarshen Oktoban 2020 filin ya fara aiki. Bango da rufi sun daɗe a tsaye. Abin da ke cikin silin ne ya riƙe shi shekara takwas.

Birtaniya kuwa tun 2011 ta sanar cewa daga 2016 duk ginin da gwamnatin tsakiya za ta bayar sai an yi shi da wannan tsari. Daga ƙa'idojinta ne aka samo ma'aunin duniya na ISO 19650, wanda kashinsa na farko ya fito a 2018, yake fayyace wa zai samar da wane bayani, yaushe, kuma wa zai amince da shi. A Najeriya an fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, kuma hukumomi irin su COREN da ARCON na yi wa injiniyoyi da masu zane rajista, amma yin aiki da samfuri ɗaya ya fi dogara ne ga abin da mai bayar da kwangila ya rubuta a yarjejeniya.

Abin da Jibiya ta bambanta da shi

Tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa kowa na da intanet mai ƙarfi a kowane lokaci, domin samfuran manya ne kuma a rumbun intanet ake ajiye su. Mutanen Jibiya ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da tasu, saboda matsalar 'yan bindiga, aka shafe watanni a haka. Injiniyan da ke wurin aiki a irin wannan yanayi yana buƙatar kwafi a na'urarsa, da tabbacin cewa kwafin na ƙarshe ne. Yin gini da tsohon zane na cikin hanyoyin da karo ke dawowa bayan an kashe shi.

Sai batun ƙasa biyu. Layin ɗaya ne amma ƙarshensa na Maraɗi, inda injiniyoyi suka taso da Faransanci da ƙa'idojin Faransa. Ko soket ɗin bango ya isa misali: a wannan gefen mai ƙafa uku ne irin na Ingila, a wancan gefen an fi saba wa mai ƙafa biyu zagayayyu. Ba dole ne kowa ya yi aiki da manhaja ɗaya ba. Akwai tsarin fayil na bai-ɗaya mai suna IFC, wanda ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi, da ke bai wa manhajoji daban-daban damar karanta samfurin juna. Amfaninsa na biyu shi ne gwamnati ba za ta zama fursunar kamfani ɗaya da ke karɓar kuɗin lasisi da dala duk shekara ba.

Siyasa ma na shiga cikin lissafin injiniya. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har Najeriya ta yanke wutar da take bai wa maƙwabciyar tata, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Ginin da zai iya zama babu zirga-zirga na watanni, sannan rana ɗaya ya cika maƙil, yana buƙatar a raba wutarsa da ruwansa kashi-kashi, yadda za a kashe zauren fasinjoji a bar ɗakin na'urori da fitilun tsaro suna aiki. Wannan a zane ake yanke shi. Bayan an ja waya ya zama aikin fasa bango.

Ruwan sama kuma ba abin wasa ba ne a garin. Ambaliyar tsakiyar watan Yulin 2018 ta kashe mutum sama da 40 a Jibiya cikin dare ɗaya, ta rushe gidaje masu yawa. Samfurin da ya tsaya a bangon gini bai cika ba. Sai ya haɗa da tudu da kwarin filin, da kwalbatocin da ke ƙarƙashin layin dogo, da tsayin da za a ɗora taransifoma da janareta da batura. Layin dogo a kan tudun ƙasa ake shimfiɗa shi, kuma tudun da ba a bar wa ruwa isasshiyar hanya ba madatsa ce.

Bayan an yanke kyalle

Inda aka fi yin sakaci, a ganina, shi ne farko da ƙarshe. A farko, hukumomin da za su zauna a ginin ne ya kamata a fara tambaya, kuma a nan samfurin ke da wani amfani da ba a cika ambata ba. Kwanturolan kwastam ko jami'ar lafiya ba lallai su iya karanta taswirar injiniya ba, amma in aka zagaya da su cikin ginin a allo, nan take za su ce wannan taga ta yi nisa da layin fasinjoji, ko ɗakin nan ba shi da wurin wanke hannu. In ba a tambaye su ba, ranar da suka tare za su kira mai wayarin na cikin gari, a ja waya ta taga, a rataya na'urar sanyi inda aka samu.

A ƙarshe kuma akwai tambayar wa zai riƙe samfurin. Ɗan kwangila zai tattara kayansa ya tafi. Wanda zai zauna da ginin shekara talatin shi ne ma'aikacin gyara na hukumar jiragen ƙasa da masu aikin hannu na Jibiya da Katsina. In aka miƙa musu samfurin da aka sabunta ya dace da abin da aka gina a zahiri, mai gyara zai buɗe wayarsa ya ga inda bawul yake kafin ya taɓa silin. Manhajojin duba samfuri na kyauta suna nan, wasu ma a wayar hannu suke aiki.

Masu iya riƙe shi ma ba sai an nemo su daga nesa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano na yaye masu zanen gini da injiniyoyi duk shekara, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman na cikin Katsina, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, a kan layin dogon kansa. Sai dai miƙa samfurin, da sabunta shi, da horar da wanda zai karɓa, aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, kuma ɗan kwangila ba ya yin abin da ba a rubuta masa ba. A takardar yarjejeniya ake sa shi, tare da sunan ofishin da zai karɓa da irin fayil ɗin da za a ba shi, kuma a ɗaure shi da biyan kuɗin ƙarshe.